Corolla ƙirar 2012 bayan shekara guda tsakanin Katsina da Daura: abin da ta rage mini na mai

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kwashi iyalina mu kama hanyar Daura, inda mahaifiyata take zaune, mu kwana biyu, sannan mu juyo Katsina ranar Lahadi da la'asar. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 80 ce a zuwa, a bi ta Mashi a wuce Shargalle, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina yin ta da mota ɗaya, wata babbar mota ƙirar 2003 mai silinda shida, wadda girman injinta lita uku ne. A kusan duk tsawon waɗannan shekaru ban taɓa zama na ƙirga litar da take sha ba, domin a lokacin da farashin hukuma bai kai naira 200 ba, mai albashi irina yana iya cika tanki ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa.

Zuwa Daura ne ya fara raguwa a gidana. Daga kowane mako ya koma bayan mako biyu, daga bisani har akan shafe wata ba mu leƙa ba. Wata Asabar muna zaune a tsakar gida bayan sallar magariba, Hajiya ta dubi yaran suna wasa ta ce, “Ko aikin ne ya yi muku yawa? Yaran nan har na fara manta muryarsu.” Na ce mata, “Hajiya, tsadar mai ce, amma in Allah Ya yarda za a san yadda za a yi.” A hanyar dawowa na ƙudurta cewa zan rabu da tsohuwar motar, sai dai ban yarda na sayi wata a kan jita-jitar majalisa ba, inda kowa yake rantsuwa cewa tasa motar sansanar mai kawai take yi.

Saboda haka na fara da auna wadda nake da ita, kuma wannan awo shi ne abin da nake so duk mai karanta wannan bayani ya ɗauka, ko da bai sayi irin motar da na saya ba. Mafi yawanmu da kuɗi da kwanaki muke auna shan mai, sai ka ji mutum ya ce ya sa na dubu goma ya kai shi kwana uku, alhali farashi yana canzawa, zirga-zirgar kowane kwana kuma ba ɗaya ba ce. Allurar tanki ma ba abin dogaro ba ce, domin takan daɗe a sama sannan ta sauko da sauri idan ta wuce rabi. Hanyar da ba ta yaudara ita ce a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya zuwa sifili, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma gidan mai ɗaya, in da hali famfo ɗaya, a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce aka ƙona, sai a raba nisan da aka yi da ita. Na ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota ina rubuta kwanan wata da lita da nisa, kuma ban taɓa haɗa man 'yan bumburutu cikin lissafin ba, tun da galan ɗinsu ba shi da tabbataccen awo.

Wata uku na yi ina auna tsohuwar. A kan hanyar Daura lita ɗaya tana kai ni kilomita 9, a cikin gari kuma, tsakanin gida da makarantar yara da ofis da Babbar Kasuwa, ba ta wuce kilomita 6. Idan zan je Daura sau huɗu a wata, kilomita 640 ke nan, a ƙara kimanin 560 na cikin gari, jimilla 1,200, wanda ke nufin lita 164 a kowane wata. Da na ga wannan adadi a rubuce da hannuna na gane cewa motar ta fi ƙarfin albashina, duk da cewa ta yi mini hidima iyakar hidima, kuma shekaru da wahalar hanya ne suka ƙara mata ci.

Ban daɗe a wajen zaɓi ba. Golf 3 da Peugeot 406 suna da araha kuma kowane bakanike ya san su, amma shekarunsu sun kai ko sun wuce na wadda nake son rabuwa da ita. Motoci masu haɗa fetur da batir sun fi kowace mota tattalin mai a cikin gari, sai dai babban batirinsu ba ya son zafi mai tsanani, mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce digiri 40. Corolla ƙirar 2014 zuwa sama ta fi tattali, amma yawancinsu suna da giyar nan ta CVT wadda take buƙatar mai na musamman da hannu mai sani, kuɗinta kuma ya wuce abin da zan iya. Sai na tsaya a kan Corolla ta tsakanin 2009 da 2013, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka. Tun 1966 kamfanin Toyota yake ƙera Corolla, a 2021 adadin da aka sayar ya haura miliyan 50, kuma wannan yawa yana da amfani ga mai mota a nan, domin kayan gyaranta suna nan a cikin Katsina, abin da ya gagara kuma ana samun sa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a aiko shi a motar haya a yini ɗaya.

Injinta shi ne wanda ake kira 2ZR-FE, silinda huɗu, lita 1.8, ƙarfin doki 132, kuma shi ne dai a cikin motocin Matrix da Vibe masu ƙaramin inji na waɗannan shekaru, abin da ya ƙara sauƙaƙa samun kayansa. Sarƙa ce take juya taimin ɗinsa maimakon bel, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar hanya. Sitiyarinta na lantarki ne, ba ya jan ƙarfi daga inji kullum kamar mai famfon mai. Nauyin motar kimanin kilo 1,250 ne, tankinta lita 50. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mai giyar otomatik a kan mil 26 a galan ɗaya cikin gari da mil 34 a babbar hanya, wanda idan aka mayar da shi awonmu ya zama kimanin kilomita 11 da kilomita 14 da rabi a kowace lita. Da wannan adadi na shiga kasuwa, ina sane da cewa an yi awon ne a kan sabuwar mota da lafiyayyar hanya.

Wadda na samu a watan Nuwamba 2024 ba sabuwar shigowa ba ce irin wadda muke kira Baljiyam. Wani ne ya shigo da ita ya hau ta shekara ɗaya da rabi a Kano, sannan dillali ya kawo ta Katsina. Dillalin ya ce ƙirar 2013 ce, amma lambar shasi ba ta ɓoye gaskiya: haruffa da lambobi 17 ne, kuma na goma a cikinsu shi ne yake nuna shekarar ƙira, A na nufin 2010, B 2011, C 2012, D kuma 2013. Tawa C ce, na nuna masa, ya rage wani abu a kan farashin. Lambar ta fara da 2T1, alamar cewa a Kanada aka haɗa ta. Na biya aka binciko mini tarihinta a intanet da wannan lamba, domin da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta cinye su, aka gyara aka yi musu fenti. Tawa an taɓa buga ta ta baya an canza bamba, wanda bai dame ni ba. Na kuma sa aka ɗaga ta aka duba ƙarƙashinta saboda tsatsa, tun da a ƙasashen ƙanƙara gishiri ake zuba wa tituna. Takardar kwastan kuwa ban yi wasa da ita ba, domin tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 takarda ta zama abin da ake tambaya sosai, balle a jiha irin tamu mai iyaka da Nijar ta Jibiya da Kongolam, inda ba ka yin doguwar tafiya ba ka ci karo da shingen bincike ba.

Awon farko ya karya mini gwiwa. Na yi zuwa Daura da dawowa sau biyu a watan Disamba, na cika tanki na yi lissafi, sai na ga kilomita 11 a lita, a cikin gari kuma 7 da rabi. Ya fi na tsohuwar, amma bai kai abin da na sayar da fili na cike kuɗi saboda shi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne allurar zafi ba ta tashi yadda ya kamata. Da sassafe cikin hunturu har na kai yara makaranta na isa ofis tana kwance a ƙasa, kuma a kan hanya ma da ƙyar take ɗagowa.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da na daɗe ina hulɗa da shi. Bai buɗe komai ba tukuna, ya ce na bar ta ta kwana a garejin. Washegari da hantsi, inji a sanyaye, ya ɗaga bonet ya ce na murɗa makulli. Ina murɗawa fanka ta tashi da ƙara, tun kafin injin ya yi minti ɗaya yana aiki. Ya dafa babban tiyon da ke fitowa daga inji zuwa lagireto, ya jira kaɗan, ya kama hannuna ya ɗora a kai, na ji ya fara ɗumi a hankali. Ya ce, “Malam, motarka ba ta da laifi. An cire mata tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Lafiyayyen inji wannan tiyo yana nan da sanyinsa sai ruwa ya yi zafi sosai, sannan ya ɗauki zafi lokaci ɗaya.” Na ce, “Baba, ai cewa ake yi ƙasarmu da zafi, tamostat na ƙasar sanyi ne.” Ya girgiza kai ya ce, “Haka yara suke faɗa a gareji, kuma da wannan magana aka ƙona wa mutane man da ba shi da iyaka.”

Bayanin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin wannan al'ada ta cire tamostat ta zama ruwan dare a garejojinmu. Tamostat wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa, tana rufe har sai ruwan inji ya kai kimanin digiri 82, sannan ta buɗe ya zagaya lagireto ya huce. Aikinta shi ne ta kai inji ga zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai cikin hanzari, ta kuma riƙe shi a wurin. Motocin zamani ba su da kafireta. Kwamfuta ce take auna yawan man da nozul zai fesa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da take dubawa shi ne zafin ruwa. Muddin ta ga ruwa da sanyi, tana ɗaukar cewa yanzu aka tayar da mota, sai ta ƙara mai kamar yadda ake jan cok a tsohon babur. Idan aka cire tamostat aka bar fanka tana juyawa ba tsayawa, injin yakan daɗe ƙwarai a cikin wannan hali, musamman da safiyar hunturu, man da ya yi yawa kuma yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, yana baƙanta fulogi, yana lalata abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Mota mai zafi fiye da kima tana da wata cuta dabam, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ba ya riƙe iska, kuma cire tamostat rufe cutar ne kawai.

Aka sa sabon tamostat, aka mayar da fanka kan wayarta ta asali yadda sai zafi ya kai take tashi, aka zubar da ruwan famfo da ke cikin lagireto aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, wanda ba ya barin tsatsa da kanwa a cikin bututu. Filtar iska da aka ciro ta yi jawur da ƙura har ana kakkaɓe ta ƙasa na zuba, aka canza ta, aka goge ɗan na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Baƙin man da muka tarar mai kauri ne irin 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota, alhali littafin wannan inji 0W-20 ko 5W-20 ya ambata, kimanin lita 4.2 har da filta. Mai kauri yana sa inji ya yi aiki da nauyi, kuma na'urar da ke daidaita buɗewar bawul a wannan inji da matsin baƙin mai take aiki, saboda haka ba ta son mai nauyi ko mai datti. An sa mata kwamfuta aka tabbatar na'urorin da ke auna hayaƙi suna aiki, indomin kuma yana nan ba a sace shi ba. Duk aikin bai kai kuɗin cika tanki biyu ba.

Daga nan littafina ya fara nuna abin da nake nema. A hanyar Daura lita ɗaya tana kai ni kilomita 14, a cikin gari kimanin 10, kuma wannan matsakaicin awo ne na watanni, ba na tafiya ɗaya mai sa'a ba. Kilomita 1,200 ɗin da tsohuwar take cinye wa lita 164, wannan tana yin su da lita 102 ko kusa da haka. Na je Kano ta Charanchi da Kankiya da Bichi na dawo, kimanin kilomita 340, da lita 24, wato ƙasa da rabin tanki. Zuwa Daura ya koma kowane mako tun daga watan Janairu.

Akwai abu guda da ya kamata duk mai motar Amurka ya sani, domin yana taɓa aljihu yana kuma taɓa rai. Manyan lambobin da ke kan agogon gudu mil ne, kilomita su ne ƙananan da ke ciki, ma'aunin tafiya ma mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Wanda bai ninka ba zai yi lissafin mai ya ga kamar motarsa tana zubar da shi. Mafi haɗari shi ne wanda ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali kilomita 129 yake yi a awa, a hanyar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 80, sai a tagwayen hanya ne ta yarda da 100. Juriyar iska tana ƙaruwa ne fiye da yadda gudu yake ƙaruwa; idan gudu ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Giyar wannan mota kuma hawa huɗu ne kawai, saboda haka da an kai kilomita 115 ko 120 injin yana juyi kusan 3,000 a minti. Sau ɗaya ƙanena ya ja mu cikin gaggawa saboda ɗaurin aure, awon ya faɗo zuwa 11 da rabi, lokacin da aka rage kuma bai wuce minti goma ba, tun da dole a sassauta a garuruwa da shingaye da inda shanu ke tsallakawa. Idan na riƙe allura tsakanin 50 da 55 na mil, nakan taɓa kilomita 15 a lita.

Na'urar sanyaya ciki tana da ƙarfi, a bazara ma takan sanyaya motar kafin na fita daga unguwa, amma tana da kuɗinta. A Afrilu da Mayu awon cikin gari ya sauka zuwa kilomita 8 da rabi ko 9. A kan babbar hanya bambancin kaɗan ne, domin sauke gilashi a guje shi ma yana ƙara juriyar iska, ga ƙura. Inda mai yake tafiya a banza shi ne jira a ƙofar makaranta ko kasuwa da inji a kunne, wanda zai iya cin kusan lita ɗaya a awa ba tare da an motsa ba. Na kuma daina ɗumama mota na minti goma da safe, al'adar da muka gada daga zamanin kafireta. Minti ɗaya ya isa, sai a tashi a hankali, inji ya fi saurin ɗaukar zafi yana tafiya. Iskar taya ma na daina bar wa mai faci ya auna ta da dukan ƙafa ko ya cika ta har ta yi tauri. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ta faɗi awon da ya dace, na sayi ɗan ma'auni ina dubawa kowane mako biyu da safe kafin taya ta yi zafi.

Wanda ya sauko daga babbar mota zai ji bambanci, kuma bai kamata a ɓoye masa ba. Kujerar baya tana ɗaukar yara uku cikin walwala, manya uku kuwa sai an matsu, musamman idan an sha manyan kaya ranar Sallah ko lokacin Sallar Gani. But ɗinta kimanin lita 350 ne, yana ɗaukar buhun gero ɗaya da 'yan ƙullin kuka da daddawa da Hajiya ba ta bari mu taho babu su, amma idan aka haɗa buhu da mutum biyar bayanta yakan zauna. Tsayinta daga ƙasa kimanin santimita 15 ne, saboda haka a lungunan da ruwa ya zaizaye da damina da kuma kan dogayen tudun rage gudu sai an bi a karkace. Wasu suna ɗaga ta da ƙarin ƙarfe a kan shokozoba, ni ban yi ba, domin yana canza yadda take zama a kan kwana. Birkin baya na ganga ne, wanda yake da sauƙin gyara kuma ya ishe ta. Ƙarar taya tana shigowa ciki fiye da yadda na saba. Wajen wuce tirela a hanya mai layi ɗaya kuwa dole a ba da tazara mai yawa, a kuma haƙura idan ba a ga gaba sosai ba, domin silinda huɗu ɗauke da iyali ba ya zabura kamar silinda shida. A shekara guda abin da na canza bayan gyaran farko bai wuce baƙin mai da filta da takalmin birkin gaba ba. Man giya na musamman ne, wanda ake kira WS, kuma na gargaɗi yaran gareji kada su ƙara mata wani iri.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne nake ganin mutane da yawa suna yaudarar kansu. Lita 62 nake ragewa a wata, kimanin 740 a shekara. Idan aka ɗauki lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 62,000 ke nan a wata, kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan ma'aikaci. Amma cikon da na yi a kan kuɗin tsohuwar motar, har da la'adar dillali da canjin takardu, ya kai naira miliyan shida, kuma idan da ragin mai kaɗai zan mayar da shi sai na yi shekara takwas. Abin da ya daidaita mini lissafin shi ne tsohuwar ta kai shekarun da kusan kowane wata sai ta kwana a gareji, wannan kuwa ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba, sannan Corolla mota ce da ba ta kwantai idan aka tashi sayarwa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa ofis a cikin birni, kuma motarsa lafiya take, ban ga dalilin da zai sa ya sayar da kadara ko ya ci bashi mai nauyi saboda tattalin mai ba. Ya fara duba tamostat da filta da baƙin mai da iskar taya na wadda yake da ita, mai yiwuwa ya samu rabin abin da yake nema da kuɗi kaɗan. Wanda yake kan hanya kullum, zuwa Daura ko Dutsin-Ma ko Kano, da tsohuwar mota mai babban inji, shi ne wannan canji zai amfana da gaske, kuma a gare shi ina yaba wannan mota ba tare da shakka ba.

Watan jiya wani abokin aikina ya roƙe ni na raka shi duba irinta a wurin masu sayar da motoci a wajen Ƙofar Ƙaura. Na ce masa mu je da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Fentinta yana sheƙi, kujerunta ba su da tabo, harafi na goma kuma B ne, daidai da shekarar da aka faɗa mana. Ya murɗa makulli, na lura fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba ko na daƙiƙa ɗaya, alhali ya kamata ta kama tare da sauran fitilu sannan ta mutu bayan inji ya tashi, alamar an cire ƙwanta ko an rufe ta. Fanka ta tashi nan take. Na durƙusa na ƙwanƙwasa tukunyar salansa ta gaba da makulli, ta amsa kamar fanko, ga kuma sabon walda a jikinta. Dillalin ya ce, “Alhaji, ai waɗannan ƙananan abubuwa ne.” Abokina ya tambayi kuɗin indomi na asali a waya, ya cire shi daga tayin da ya yi har da na tamostat da na kwamfuta, mai motar bai sallama ba, muka yi musu sallama. Mako biyu bayan haka ya samu wata ƙirar 2010 da ba a taɓa mata komai ba, kuma tun ranar da ya karɓo ta ya sayi nasa littafin ya ajiye a aljihun mota.